Kwanon Ful na Ranar Talata

Ni na warkar da mutanen nan. Likita yana da takardunsa a bango, ban hana shi ba, amma in ana maganar wanda ya riƙe zaman Talata a wani ƙaramin asibiti na Omdurman har maza suka koma ci da barci, to ga shi nan yana ba ku labari. Da ana ba da lambar yabo saboda ba'a, da sai an nemo amalanken jaki kafin a kai mini nawa gida.

A farkon mulkin soja aka sallame ni daga aiki. Direba nake a wata ma'aikata, na tuƙa manya har na san wanda yake minshari da wanda yake addu'a in mun doshi kwana. Wata safiya aka ce an sallame mu "don amfanin jama'a". Wallahi ban san jama'a sun matsu da ni haka ba. Na koma gida unguwar Mayo a Khartoum na zauna. Bakina bai mutu ba, amma ƙirjina ya koyi sabuwar sana'a, wato kiɗa. Da na hau motar haya muka doshi gadar Omdurman, sai ƙirjin ya kama duka kamar gangar gidan biki, gumi ya jiƙa mini jallabiya, in roƙi yaron mota ya sauke ni tun ba a kai ruwa ba. Uwar yara ta kai ni wurin malamai, na sha rubutu har cikina ya kusa sauke Alƙur'ani. Kiɗa bai tsaya ba. Daga ƙarshe yayanta ya riƙe mini hannu, na rufe ido, aka tsallaka da ni Omdurman kamar ragon layya.

Likitan saurayi ne, jikan mutanenmu na Omdurman, waɗanda kakanninsu suka taho aikin hajji a ƙafa suka yada zango, har yau ba su tashi ba. Hausarsa irin tsohuwar motar ma'aikata ce, tana tashi amma sai an tura. Ya ba ni ƙwayoyi, sannan ya ce ƙwaya rabin magani ce. Akwai wasu maza masu irin damuwata, duk 'yan yarenmu, yana tara su duk Talata su zauna su yi magana, domin a cewarsa namiji yakan yi ciniki da Larabci amma da harshen uwarsa yake kuka.

Sai dai a zamanin nan ba a son ganin maza sun yi da'ira suna magana ƙasa-ƙasa. Kafin ka gama sallama wani mai baƙin tabarau ya zo ya tsaya a kanku yana tambayar taron mene ne. Shi ya sa likita ya sa zaman da hantsi, lokacin fatur, wato karin kumallo, a gindin darbejiyar bayan asibiti. A shimfiɗa tabarma, a ajiye ƙaton kwanon ful a tsakiya, waken ya sha man riɗi da albasa, ga burodi a gefe. Ba a taɓa yin gwamnatin da ta kama mutane don suna fatur ba. Ranar da ta gwada, sai ta kulle Sudan kaf.

Ba mu kai goma ba. Babbanmu wani tsohon tela ne na kasuwar Omdurman, muna ce masa Baba. Tun da matarsa ta rasu hannunsa ke rawa, ya kasa zura zare a allura. Sai wani malamin makaranta daga Kalakla, muna ce masa Ustaz, shi ma amfanin jama'a ya ci shi, ya shige ɗaki ya ƙi fitowa sai ranar Talata. Sauran kowa da kayansa. Dokokin likita biyu ne: abin da aka faɗa a bakin kwano ya tsaya a bakin kwano, kuma in mutum yana magana a bar shi ya kai aya. Ta farkon ban taɓa karya ta ba, shi ya sa ba za ku ji sunan kowa a bakina ba. Ta biyun ce ni da ita ba mu yi shiri ba.

Ranar da na fara zuwa na tarar da su kamar zaman makoki da aka manta wa ya mutu. Wannan ya ce uhm, wancan ya ce Allah ya kyauta, sai shiru. Ni kuwa direba ne. Shiru a wurina rami ne a titi, kuma direban kirki ba ya zuba ido mota ta faɗa rami. Na kawo musu labarin wani babba da iska ta kwance wa rawani muna kan gada, rawanin ya yi ta warwara ta taga har muka shiga Khartoum bakin rawanin na nan a Omdurman. Baba ya yi dariya har ya ƙware. Ustaz ya rufe baki da hannu kamar wanda aka kama yana sata. Daga ranar na zama sarki. Wurin zamana jikin darbejiya ne, inda mutum zai jingina. In aka ajiye kwano, gefen da mai ya taru a nan ake juyo mini. In na makara ba a sa hannu.

Wani lokaci likita yakan dube ni ya ce, "Kai fa, ya Hajji? Me yake damunka?"

In ce, "Dakta, damuwata ɗaya ce, burodin nan ya yi kaɗan."

A yi dariya, shi kuma ya yi murmushi ya bar ni.

Muna cikin wannan daula aka kawo wani masunci. Daga Jabal Awliya yake, dogo, ya rame har jallabiyarsa tana neman mai ita. Likita ya faɗa mana abin da ɗan'uwansa ya yarda a faɗa: ɗansa ya ɗauko kifi zai kawo kasuwa, sojoji suka tare motar a hanya suka sauke samarin ciki, aka tafi da su yaƙin Kudu. Tun daga ranar babu labari. Uban ya daina magana, ya daina ci. Ya zauna a bakin tabarma, aka miƙa masa burodi, ya karɓa ya riƙe. Har muka tashi burodin na hannunsa.

Kun san al'adarmu. In kana ci da baƙo ba ka tsame hannu ka bar shi. In ka tsame, ka ce masa ya isa ke nan. Baba ne ya fara. Talata ta gaba sai na ga dattijo yana gutsurar burodi kamar mai ciyar da tsuntsu, ya dangwala, ya tauna, ya tauna, ya jira. Ustaz ya bi sahu. Kafin wani lokaci duk da'irar ta koma ci irin na amare, kowa hannunsa a kwano, ba mai tsamewa, wai kada masunci ya ga an gama. Ni da na ratso gari da yunwa, in gama gefena in shiga na maƙwabci, su suna nan suna lallashin ƙwayar wake ɗaya. Sannan wata rana da idona na ga Baba ya sa yatsa ya juya kwanon a hankali, gefen mai ya bar gabana ya koma gaban masunci. Mutumin da ba ya ci! Na bi man nan da kallo kamar wanda jirgi ya tashi ya bari a tasha.

Ban yi fushi ba. Ni ba na fushi. Na dai lura. Na lura cewa in na kawo labari yanzu, dariyar rabi ce, domin idon kowa na kan hannun masunci, zai kai baki ko ba zai kai ba. Ranar da ya kai loma ɗaya bakinsa, Baba ya ce alhamdu lillahi da murya irin ta wanda ya ga watan Sallah. Ustaz har da share ido. Ni da nake share rabin kwano duk mako saboda Allah, ba wanda ya taɓa yi mini hamdala.

Na gwada dabaru. Na zo da fuska a murtuke wata Talata, na riƙe burodi ban ci ba. Ustaz ya dube ni ya ce, "Ya Hajji, haƙori ne?" Kafin in ba shi amsa yunwa ta ba shi, na ga hannuna a kwano ban san lokacin da ya tafi ba.

Sai ranar da masunci ya buɗe baki. Muna zaune, ba wanda ya tambaye shi komai, sai muka ji wata murya kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya ce, "Yaron nan…" Ya tsaya. Kowa ya sandare da loma a hannu. Shiru ya yi tsawo, ya yi zurfi, irin ramin da ke karya ƙafar mota. Na ga bawan Allah zai faɗa ciki a gaban mutane, na ce ba a gabana ba. Na ce, "Af, kai da kake Jabal Awliya, ka san karfasar nan da aka kama a bakin dam, wadda saboda girmanta sai da 'yan sanda suka tambaye ta katin shaida?"

Labari ne mai kyau, na sha ba da shi a gidan biki mata suna faɗuwa. Ranar ko tari ba a yi ba. Masunci ya rufe bakinsa ya sunkuyar da kai. Baba ya kalle ni irin kallon da tela ke yi wa wandon da aka ɗinka da ƙafa uku. Likita ya ce a hankali, "Ya Hajji, shiru ba ya cizo."

Na ce, "Dakta, ba ka taɓa kwana da surukai ba ne."

Wannan ma ba ta ci ba. Har gobe ina nan a kan bakana, rufa masa asiri na yi.

Talata ta gaba masunci bai zo ba. Aka ajiye kwano, tururi na tashi, mai na ƙyalli, ba wanda ya miƙa hannu. Na ce bismillah sau biyu da ƙarfi don in tuna musu addini. Baba ya jawo takalmansa ya ce, "Ku tashi."

Na ce, "Ina zuwa, Baba?"

"Jabal Awliya."

"Yanzu? Da ranar nan? Ful ɗin fa?"

"Ful ba ya da ɗa a Kudu."

Likita ya ce shi ba zai iya barin asibiti ba, amma na ga fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. Muka kwasa. Dattijo mai rawar hannu, da malamin da ba ya fita ɗaki, da sauran, muka tsallake gada, muka canja mota, muka bi hanyar Kalakla muka miƙa kudu. Ni ne na riƙe motar da zance tun daga Omdurman. Sai da muka sauka na tuna mun wuce gada idona biyu, ƙirjina ko motsi bai yi ba. Na ce ka ga amfanin labari mai daɗi, har mai ba da shi yana warkarwa.

Muka same shi a bakin ruwa, a inuwar wani kwale-kwale da aka kife, taru a cinya yana ɗinki. Ya ɗago ya gan mu jere kamar masu neman aure. Ya ci gaba da ɗinkinsa, mutanena suka matsa kusa da shi. Suka zazzauna a ƙasa. Baba ya jawo ɗaya gefen tarun, ya karɓi abin ɗinkin, ya kama ƙulli. Na zuba ido in ga rawar hannu, ban gani ba. Na buɗe baki zan faɗa, Ustaz ya taka mini ɗan yatsa.

Can aka aiko da tire daga gida, soyayyen kifi da barkono da lemun tsami. A nan dabarar tsohon ta fito. Yau mu ne baƙi, masunci ne mai gida, kuma mai gida ba ya tsame hannu ya bar baƙonsa. Baba ya zauna ya ci kifin nan ƙaya bayan ƙaya, a hankali, kamar ba shi da wani aiki a duniya. Masunci ya so ya tsaya, ya dubi hannun dattijo a tire, ya sake gutsura. Baba ya ƙara, shi ma dole ya ƙara. Haka aka yi ta yi har mutumin da ya yi watanni yana riƙe burodi ya tashi da kifi guda a cikinsa. Ni ma na ba da gudummawa a wannan jihadi, har sai da aka sake aiko da tire.

A hanyar dawowa kowa na murna, ni ina lissafi. Mutum ya yi fashin Talata ɗaya, mutumin da duk zamansa da mu kalma biyu ya furta, an kwashi dattawa an ratsa Khartoum tun daga kai har ƙafa. To ni fa? Ni da na tarar da su gawa na busa musu rai? In ni na yi fashi ai asibitin za a rufe. Likita da kansa zai zo da farar rigarsa, Baba yana kuka a baya.

Na ce bari mu gani.

Ranar Talata tun da safe na sa uwar yara ta share tsakar gida ta yayyafa ruwa. Na aika aka aro gadajen igiya daga maƙwabta aka jera a rumfa. Na sa aka yanka zakaranmu, wanda ya fi limamin unguwa sanin lokaci. Aka jiƙa zoɓo a babbar roba. Ni kuma na ɗaure kai da rawani, na kwanta ina fuskantar ƙofa, na ja mayafi har wuya.

Uwar yara ta tsaya a kaina da ludayi ta ce, "Malam, wai ciwon me za a ce kana yi in an tambaya?"

"Ki ce abin ya zo da sauƙi."

"Wane abin?"

"Ke dai ki ce haka, ki sunkuyar da kai."

"To su waye za su ci zakaran?"

"Mutanena. Za ki ga motoci."

"Allah ya kawo su. Ka rage nishin nan dai, ka fi mai naƙuda."

Na yi gwajin muryar da zan amsa sallama da ita, siririya, irin ta wanda ya leƙa lahira ya dawo don kada abokai su yi maraici. Hantsi ya yi. Na ce yanzu an ajiye kwano. Yanzu sun ga jikin darbejiya babu kowa. Yanzu Baba yana jawo takalmi. Na ba su lokacin tsallake gada, na ba su na canja mota, har na ƙara musu na ɓatan hanya, domin lungunan Mayo sai ɗan gari.

Aka yi sallama. Na saki siririyar murya. Maƙwabcina ne mai gadajen, wai ya ji ba ni da lafiya. Bayansa wani ya shigo, bayansa wani. Kafin azahar rumfa ta cika da mutanen unguwa, kowa da maganin da ya warkar da kawunsa. Tun da ga baƙi ga abinci, uwar yara ta fito da zakara. Ina kwance ina jin ƙarar ƙashinsa a bakin mutanen da ko labarin rawani ba su sani ba. Mara lafiya kuwa ba ya cin zakara. Kunu aka ba ni.

La'asar ta yi, maƙwabta suka watse, aka zo aka kwashe gadaje. Duk motar da ta wuce a titi sai na ɗaga kai. Daga nan sai na ji shi. Kiɗan nan da na manta da shi tun ban san yaushe ba, ya dawo da gangunansa duka, a tsakar gidana, babu gada babu ruwa. Gumi ya keto mini ta ƙarƙashin rawani.

Uwar yara ta leƙo ta ce, "Yanzu kam ka fara iya wasan, ga shi 'yan kallo sun tafi." Sai ta matso ta dube ni da kyau. Ta ajiye tsintsiya, ta kwance mini rawanin, ta kawo ruwa ta zauna a bakin gado tana yi mini fifita. Da abin ya lafa ta ce, "Talata mai zuwa ko a kan jaki ne sai ka koma wurin mutanen nan."

Na koma, amma da gangan na makara, don in same su cikin halin da na san suna ciki. Na shirya fuskar yafiya. Tun daga bakin ƙofar asibiti na jiyo dariya. Dariya sosai, irin mai sa mutum ya dafa na kusa da shi. Na tsaya na duba jikina, na tabbata ina waje. To wa yake ba su?

Na zagaya baya. Masunci ne. Yana jingine da darbejiyata, loma a hannu, yana ba da labarin yadda ɗansa yana ƙarami ya ga kwaɗo a cikin kwale-kwale ya yi tsalle ya faɗa kogi don ya tsira. Labarin ko gishiri babu, bai ƙara wa kwaɗon ko taƙi ɗaya ba. Amma Ustaz har da buga cinya. Masunci ya yi dariya, ya share ido da bayan hannu, ya kai loma baki, ba wanda ya ma kalli hannunsa.

Suka gan ni, aka yi ta marhaba, aka matsa aka ba ni wuri a bakin tabarma, inda rana ke taɓawa. Ustaz ya raɗa mini cewa Talatar da ta wuce masunci ya ba da labarinsa tun daga ranar da aka tare motar har zuwa yau, ya tsaya ya ci gaba, ya tsaya ya ci gaba, ba wanda ya katse shi. Ya yi kuka, Baba ya yi nasa a kan matarsa, shi ma Ustaz ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Har yanzu babu labarin yaron, amma uban ya koma shiga ruwa. Baba kuma ya zura zare a allura ranar Alhamis. Ustaz ya ce, "Ba a taɓa zama irin wannan ba, ya Hajji. Likita ya ce yanzu muka zama jama'a."

Na ce ma sha Allah. Na dubi kwano, gefen mai yana can inda yake.

Na bari aka ɗan natsa, na gyara murya, na juya wurin dattijo. Na ce, "Baba, kun dai ga yadda wuri yake komawa in babu ni. Ku faɗi gaskiya, ba za a ji kunya ba. Kun yi kewata ko?"

Baba ya tauna lomarsa a hankali, ya haɗiye, ya dafa kafaɗata da hannun nan da ya daina rawa.

Ya ce, "Wallahi mun yi, ɗana. Sai da aka zo ɗauke kwano muka ga ful ya yi saura. A nan ne Ustaz ya ce, af, ashe direba bai zo ba."